Daga Buhun Shinkafa Zuwa Allon Waya: Waiwaye Kan Finafinan Zullumi Na Tailan

Kafin mu san Tailan da fim, da buhu muka san ta. Duk wanda ya yi wayo a Jega ko Maiyama a zamanin da shinkafa 'yar waje ta cika rumfunan kasuwa ya saba ganin sunan ƙasar a jikin buhu, ko da bai san a wace kusurwar duniya take ba. A 2014 kaɗai, shinkafar da Tailan ta turo Najeriya ta haura tan miliyan ɗaya, alhali ga fadamar gulbin Zamfara shimfiɗe a bayan gidajenmu. Sai da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a nan Kebbi cikin Nuwambar 2015, aka kuma rufe kan iyaka a Agustan 2019, sannan buhun ya soma ɓuya. To amma a daidai shekarun da ake korar shinkafar, wata hajar Tailan ɗin tana ta kwararowa, wadda ba ta bi ta Kamba, ba ta kuma san shingen kwastan ba. A cikin memori take zuwa, ɗan abin da bai fi farcen yaro ba.

Hajar nan ita ce finafinan da za mu kira na zullumi. Samari kan haɗa su da na fatalwa su ce musu “horo”. Kalmar Turanci ce suka lanƙwasa, amma sai ta faɗo daidai kan tamu ta Hausa, domin yawancinsu labarin horo ne: mutum ya yi abu a ɓoye, zuciyarsa ta bi shi da bulala. Ba su dogara da dodo mai ƙaho ko jini male-male ba, ko da yake akan sami jinin. Abin tsoron a cikin kan jarumin yake, mai kallo kuma ba shi da tabbas ko abin da yake gani ya faru, ko jarumin ne ke ganinsa shi kaɗai. Kafin irin wannan fim ya taso daga Bankok ya iso ɗakin ɗalibi a Aliero an sha tafiya, kuma hanya biyu aka bi, tasu da tamu, waɗanda suka yi kama da juna tun daga tushe fiye da yadda muka zata.

Jega dai ba baƙuwar kayan nesa ba ce. Tun da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, kasuwarta ta zama mahaɗar fatake, masu goron Gwanja da masu gishiri da masu tufafin Nufe duk nan suke sauke kaya. Bayan zuwan mota ma ba ta rasa wannan matsayi ba, don a nan hanyar Sakkwato da ta ratso Aliero ta haɗu da ta Birnin Kebbi da wadda ta gangara Maiyama zuwa Koko da Yawuri. Hoto mai motsi kuwa a mota ya fara zuwar wa garuruwan Arewa irin namu. A 1939 Turawan Ingila suka kafa sashen shirya finafinai don ƙasashen da suke mulka, ƙarƙashin William Sellers, wani jami'in kiwon lafiya da ya soma gwada abin a Legas, motar majigi kuma ta riƙa bin gari-gari. Sunan ma daga kalmar Turanci mai nufin sihiri ya fito, wadda suka laƙaba wa fitilarsu ta haska hoto. Motar kan iso da rana, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a jira duhu. Abin da ake nunawa ba soyayya ba ce: tsabtar rijiya ce, da rigakafi, da noman zamani irin na Baban Larai, da rangadin gwamna. Amma wanda ke riƙe da filin ba hoton ba ne, mutumin nan ne mai lasifika, wanda ke fassara abin da ake gani da Hausa, ya ƙara gishiri duk inda ya ga jama'a sun fara hamma.

Wannan mutumin yana da tagwai a Tailan. Fim na farko da 'yan ƙasar suka shirya da kansu, Chok Song Chan, ya fito ne a 1927, amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kayan aiki suka yi wuya, sai masana'antar ta koma ɗaukar hoto da siririn zaren fim mai faɗin milimita 16, ba tare da murya ba. Fiye da shekara ashirin haka aka yi ta yi. Fim ya fito bebe, sai a zaunar da masu murya a wani ɗan akurki cikin silima, ko cikin mota idan ƙauye ne, su yi maganar kowa nan take. Mutum ɗaya ya yi muryar jarumi, ya juya ya yi ta mugu, ya yi ta tsoho, wani lokaci har da ta mace, ya kuma jefa barkwancin garin da aka sauka. Wasunsu sun yi sunan da har a allon talla akan rubuta su, mutane su zo don muryar kafin fim ɗin. Akwai kuma motocin kamfanonin magani da ke yawon ƙauyuka suna nuna fim kyauta a fili. Idan labari ya kai inda kowa ya riƙe numfashi, sai a kashe na'ura a fito da kwalabe, sai an yi ciniki sannan a ci gaba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tallar maganin basir a tasha ba sai an yi masa bayanin wannan dabara ba.

Taurarin wancan zamani su ne Mitr Chaibancha da Petchara Chaowarat, waɗanda suka fito tare a finafinai sama da ɗari, irin na kowa da rabonsa: faɗa da soyayya da waƙa da dariya da kuka duk a kwano ɗaya. A gefe guda akwai wani da ya ƙi bin ayari, Rattana Pestonji, wanda ya dage sai babban zare mai milimita 35 da murya a jikinsa, a ɗakin shirya fim nasa na kansa. In ana neman kakan finafinan zullumi na Tailan, to Black Silk ne, nasa na 1961, wanda ya je bikin finafinai na Berlin a shekarar. Labarin mai gidan rawa ne da bashi ya yi wa katutu, ya shirya mutuwar ƙarya ya ɗauki sunan ɗan'uwansa da ya rasu, yaronsa kuma ya jawo wata bazawara mai baƙaƙen tufafi cikin lamarin. Babu aljani ko ɗaya a ciki. Bashi ne da ƙarya da zuciyar da ta kasa barci, kuma har yau ba su bar finafinan ƙasar ba. Shekarar 1970 ta tafi da mazan biyu. A watan Agusta Rattana ya yanke jiki ya faɗi yana tsakiyar jawabi gaban jami'an gwamnati, yana roƙon a tallafa wa masana'antar, bai sake tashi ba. Ranar 8 ga Oktoba kuma Mitr ya suɓuce daga tsanin igiya da ke reto a ƙarƙashin jirgi mai saukar ungulu, ana cikin ɗaukar fitowar ƙarshe ta Insee Thong kusa da Pattaya. Ba a jima ba zamanin fim bebe ya bi su.

Mu a lokacin silima abin birni ce. Kano ta sami silimar Rex tun 1937, gobarar El-Duniya ta 1951 da ta ci mutum 331 kuma ta ƙara wa gidan silima baƙin jinin da dama yake da shi wurin iyaye da malamai. Kwarori suka shigo da na Indiya daga shekarun 1950, su Bruce Lee suka biyo baya a na 1970. Ɗan Jega ko Aliero mai son kallo sai ya kama hanyar Sakkwato, ko ya haƙura da labari a bakin direba. Kaset ɗin bidiyo ne ya kawo abin gida. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, a ranar 27 ga Agustan 1991 aka yanke Kebbi daga Sakkwato, kuma a cikin shekarun nan ne gidan kallo ya zama ruwan dare: rumfar zana ko ɗakin kwano, bencina, janareta na kuka a waje, allo a bakin ƙofa an rubuta fim ɗin yau da alli.

Irin wannan wuri yana da dokarsa. Dole a san akta, a san bos tun daga farko, a kuma san cewa za su haɗu a ƙarshe. Ba ma jin Indiyanci, ba ma jin yaren Chana, amma kullum akwai wanda ya riga ya kalla sau uku, yana zaune a bencin gaba yana ba da labari. Mai lasifikar majigi ke nan ya dawo, ba lasifika, ba albashi. Fim ɗin da mutum zai zauna minti biyu yana kallon bango ba zai kai labari a nan ba. Kafin a ƙirga goma an fara ihun “a wuce wurin!”, mai gida kuma ya danna. Da a ce an kawo mana Black Silk a wancan lokaci, da sai an nemi a mayar wa kowa kuɗinsa.

Can Tailan kuwa masana'antar ta hau ta sauka. A 1977 gwamnati ta lafta wa finafinan waje haraji mai nauyi, kamfanonin Amurka suka yi fushi suka ƙaurace, fili ya zama na 'yan gida har suka yi wajen fim 150 a 1978. Da Amurkawan suka dawo a 1981, ga talabijin ga bidiyo, sai abin ya yi ta zaizayewa har ya sauko wajen goma a shekara a ƙarshen shekarun 1990. Ana cikin haka karayar arzikin 1997 ta faɗo. Ranar 2 ga Yuli gwamnati ta saki kuɗin ƙasar, baht, ya nema wa kansa daraja a kasuwa, cikin watanni ya zubar da kusan rabin ƙimarsa, kafin shekara ta ƙare an rufe kamfanonin hada-hadar kuɗi 56. Mu da muka ga abin da ya sami naira a 1986 da 2023 mun san yadda irin wannan dare yake.

A cikin wannan ƙunci ne wasu masu shirya tallar talabijin suka tsallako harkar fim: Nonzee Nimibutr da Pen-ek Ratanaruang da Wisit Sasanatieng. Sana'ar talla ta riga ta koya musu yadda ake sa hoto ya faɗi magana cikin daƙiƙa talatin ba tare da dogon surutu ba. A 1999 Nonzee ya ɗauko tsohuwar tatsuniyar Nang Nak, matar da ta rasu wurin haihuwa mijinta na fagen yaƙi, ya dawo ya tarar da ita da jariri, ya ci gaba da zama da su, duk gari sun san gaskiya ban da shi. An sha yin fim ɗin labarin don tsoratarwa, amma Nonzee ya mai da shi labarin mutumin da idonsa ya ƙi ganin abin da zuciyarsa ba za ta iya ɗauka ba, ya kuma kafa tarihin ciniki a ƙasar. A shekarar dai Pen-ek ya fitar da 6ixtynin9. Tum ma'aikaciya ce a kamfanin kuɗi. Mai kamfani ya kasa zaɓen waɗanda zai sallama, sai ya sa aka yi ƙuri'a, ta faɗa kanta. Washegari ta tarar da kwalin taliya a ƙofar ɗakinta cike da kuɗi, baht miliyan ɗaya. Lambar ɗakinta 6 ce, ƙusarta ta yi sako-sako, ta kan juye ta koma 9, shi ya sa 'yan aiken masu maguɗin dambe suka ajiye saƙo inda ba nan aka aike su ba. Ta ce bari ta riƙe. Daga nan gawa ta fara taruwa a ɗakin. Mai kallo na dariya, amma tambayar tana cinsa: kai da ka tsinci wannan kwali ranar da aka kore ka daga aiki, cigiya za ka bayar?

Ba ta wannan ƙofa Tailan ta shigo mana ba. Da gwiwa da gwiwar hannu ta shigo. Lokacin da Ong-Bak na Prachya Pinkaew ya fito a 2003, faifan sidi ya fara ture kaset, mu kuwa duk fim ɗin da ya taso daga gabashin Asiya Chanis ne a wurinmu. Labarin bai da wuya: an sace kan gunkin wani ƙauye, aka tura saurayi birni ya dawo da shi. Amma a ƙasar da ta san dambe da kokawa, masu kallo ba su daɗe ba suka gane wannan ba irin faɗan da suka saba gani ba ne. Jarumin fim ɗin, Tony Jaa, ba ya tashi sama da igiya, ba a kuma saka wani ya yi tsalle a madadinsa. A 2005 ya dawo da Tom-Yum-Goong, yana neman giwayensa har birnin Sydney. Ta dalilinsa sunan Tailan ya rabu da buhu. Faya-fayan nan masu cin fim goma ko fiye kuwa ba sa tantance baƙo, wanda ya saya don faɗa yakan wayi gari da wani abu dabam a ciki.

A cikin irin waɗannan baƙi babu kamar Shutter na 2004, wanda Banjong Pisanthanakun da Parkpoom Wongpoom suka shirya suna 'yan shekara ashirin da 'yan kai. Jarumin, mai suna Tun, mai ɗaukar hoto ne. Suna dawowa daga liyafa da dare shi da budurwarsa Jane suka buge wata mace da mota, ya ce su gudu. Daga nan wata farar inuwa ta fara fitowa a hotunansa, wuyansa ya riƙe da ciwon da likita ya kasa gano dalilinsa, abokansa na jami'a kuma suka fara faɗowa daga bene ɗaya bayan ɗaya. A asibiti aka ɗora shi kan ma'auni, allura ta nuna kilo 120, shi kuwa ga shi siriri. Sannu a hankali asiri ya tonu. Akwai wata Natre, yarinya mai kunya da ya yi soyayya da ita a ɓoye sannan ya yasar. Abokansa suka ci mutuncinta, shi kuma maimakon ya hana, sai ya ɗauki hoto. A ƙarshe kyamararsa ce ta nuna masa abin da ke damun wuyansa: tana zaune a kafaɗunsa tun tuni. Yawancin mutanen Tailan mabiya addinin Buddha ne, suna da nasu bayanin sakayya wanda ya sha bamban da namu ƙwarai, amma a wannan fitowar ba mu nemi tafinta ba. Mun taso muna jin cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma a Hausa ma “ɗaukar” alhaki ake yi, kamar kaya. Abin da fim ɗin ya yi kawai shi ne ya ɗora kayan a ma'auni ya karanta mana nauyinsa.

Bayan shekara biyu Chookiat Sakveerakul ya zo da 13 Beloved, inda ko fatalwar ma aka sallame ta. Mai tallar kayan kiɗa ne aka kora daga aiki, an ƙwace motarsa, bashi ya kai masa iya wuya. Wayarsa ta yi ƙara, wata murya ta ce ya kashe ƙudan da ke gabansa a ba shi baht dubu goma. Ya kashe, kuɗi suka shigo. Sai aka ce ya cinye ƙudan. Matakai goma sha uku ne, a ƙarshensu akwai baht miliyan ɗari, kuma kowane mataki sai ya yage masa wani yanki na mutunci.

Me ya sa duniya ta juyo? Wani ɓangare sa'a ce. Ringu na Japan ya fito a 1998, Amurkawa suka sake yinsa a 2002 suka ci riba, dillalan fim suka bazama Asiya neman na gaba, Tailan kuma tana da kaya masu kyau da araha. Aka sake yin Shutter da yaren Tamil a 2007, da Turanci a 2008, da Hindi a 2010, aka mai da 13 Beloved ya zama 13 Sins a 2014. A ganinmu masu kwaikwayon sun ɗauki ƙwarya sun bar furar. A yawancin finafinan tsoro na Amurka mugun abu daga waje yake afka wa bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba. A na Tailan abin da ke bin ka mai bin bashi ne, kuma sau da yawa shi ke da gaskiya. Mai kallo ya shiga yana tausayin jarumi, ya fito yana tambayar kansa yaushe ya fara goya wa azzalumi baya. Wannan juyin ne ba ya buƙatar fasfo.

A nan sai mu yi adalci ga kalmar “masu zaman kansu” da akan laƙaba wa masu irin waɗannan finafinai. Shutter da 13 Beloved a inuwar manyan kamfanoni suka fito, GTH da Sahamongkol, ko da yake matasa ne suka yi su. Masu zaman kansu na ainihi wata hanya suka bi, ta bukukuwan finafinai da haɗin gwiwa da 'yan waje da asusun tallafi irin Hubert Bals na birnin Rotterdam. Pen-ek ya yi Last Life in the Universe a 2003 da ɗan wasan Japan Tadanobu Asano, ya yi Ploy a 2007, inda zargi ya cinye miji da mata a ɗakin otal har ba a iya raba mafarki da ido biyu, ya yi Headshot a 2011, labarin tsohon ɗan sanda da ya koma kisan haya, aka harbe shi a ka, ya farfaɗo yana ganin duniya a kife. Apichatpong Weerasethakul, wanda nasa sun fi kama da mafarki fiye da zullumi, ya ɗauki babbar kyautar bikin Cannes na Faransa a 2010 da Uncle Boonmee Who Can Recall His Past Lives. Shi ne kuma ya yi karo da masu tace finafinai a 2007, da suka ce sai ya yanke fitowa huɗu daga Syndromes and a Century, ciki har da wani malamin addinin Buddha yana kaɗa jita da likitoci suna shan giya a asibiti. Ya ƙi. Da aka nuna fim ɗin a 2008, sai ya bar baƙin allo a gurbin duk abin da aka yanke, mutane su zauna su kalli duhu. Mu da muka san almakashin hukumar tace finafinai ta Kano tun 2001 za mu gane zafin, ko da ba za mu yarda da shi a kan kowace fitowa ba. Gaskiyar magana dai, waɗannan sun fi samun masu kallo a Turai fiye da Bankok, balle Jega. Mai turin fim a tasha ba zai ɓata memorinsa da fim ɗin da saniya ke tsaye minti uku a gindin bishiya ba.

Abin da ya sauya mu ba fim ba ne, wurin kallo ne. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya daga 2001, a 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero, garin albasa da masu ɗori ya cika da ɗalibai daga sassan ƙasa, wasu da kwamfutar cinya, duka da waya. Shagon caji ya zama shagon turi, daga Bluetooth aka koma Xender, fim ɗaya ya zaga ɗakuna ashirin kafin asuba. Allo ya ƙanƙance daga farin ƙyallen ƙofar fada zuwa akwatin talabijin, daga nan zuwa tafin hannu, taron ma haka ya yi ta raguwa, daga gari guda zuwa benci biyar zuwa mutum ɗaya da abin ji a kunne. Fim ɗin zullumi dama ba ya son taro. A gidan kallo wani zai yi dariya a inda ya kamata a ji tsoro, tsoron ya watse. Amma cikin dare, wuta ta ɗauke, abokin ɗaki ya yi barci, shirun nan na minti biyu da a da ake cewa a wuce shi ne ke sa mutum ya waiga bayansa. Ɗalibi kuma yana iya bin rubutun Turanci da ke gudu a ƙasan allo, bai buƙatar na bencin gaba.

Shi ya sa Bad Genius na Nattawut Poonpiriya, da ya fito a 2017, ya zo a kan gaɓa. Babu bindiga, babu fatalwa, satar amsa ce a jarrabawa. Lynn 'yar malamin makaranta ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, tana aika wa 'ya'yan masu kuɗi amsa ta hanyar motsa yatsu kamar mai kaɗa fiyano, su biya ta. Daga baya ta tafi Sydney don ta riga su zana wata jarrabawar duniya saboda bambancin lokaci, ta turo amsoshin gida. An ɗauki ɗakin jarrabawa kamar ana fashin banki, zufa da agogo da takun mai sa ido. A Chana ya tara dala miliyoyi, a nan kuwa duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar JAMB ya san bugun zuciyar. Girl from Nowhere ya biyo baya a 2018, The Medium na Banjong a 2021, Hunger a 2023. Netflix ta buɗe wa Najeriya ƙofa tun Janairun 2016, amma kuɗin data da na rajista sun sa har yanzu yawancinmu a wurin mai turi muke ɗebowa.

Sai kuma ga mai lasifika ya sake dawowa, karo na uku. A farkon shekarun 2010 su Buzo Ɗanfillo na Algaita a Kano suka mai da fassarar finafinai da Hausa sana'a, suka fara da na Indiya, daga baya harkar ta faɗaɗa zuwa na wasu ƙasashe. Wanda ya saurare su ya san ba fassara kawai suke yi ba: sukan sa wa baƙo baki irin na 'yan unguwa, su jefa habaici da zaurance, har mutum ya nemi fim don muryar. Ashe abin da Tailan ta yi shekara sittin da suka wuce ke nan. Sai dai a nan akwai ƙulli. Gwanintar mai fassara ita ce kada ya bar fili babu magana, fim ɗin zullumi kuwa a shirun yake ajiye dafinsa. Fim ɗin faɗa yana ƙaruwa da barkwanci. Amma a ce an kai fitowar ma'aunin nan ta Shutter, allura ta tsaya kan 120, mai murya ya kasa daurewa ya ce wannan ya cika cin tuwo, to an yi dariya, an kuma yi asarar fim ɗin gaba ɗaya.

A 2023 Nonzee, wanda ya yi Nang Nak, ya koma baya da kansa. Ya shirya wa Netflix fim mai suna Once Upon a Star, a kan wasu 'yan tawagar motar magani da ke yawon ƙauyuka a 1970 suna nuna finafinan Mitr, suna yi musu murya, har labarin mutuwarsa ya riske su a hanya. Ga tsohuwar mota, ga farin ƙyalle an ɗaure da igiya, ga yara zaune a ƙasa sun saki baki, ga mutum a gefe ya kafa baki a makirufo yana sauya murya. Mu kuwa a waya muke kallonsa, kowa a kan katifarsa. Da za ka miƙa wa wani dattijo a Maiyama wayar ya duba, ba zai tambayi sunan ƙasar ba. Zai ƙura ido, ya matso da ita kusa da fuska, sannan ya ɗago ya ce, “Kai ɗana, wanga ai majigi na. Mi yas sa kaka kallo nai kai ɗai?”